Wata tara a takarda: a wane wata ne yara ke suɓuce mana daga lakwal?

Darakta_Kwaleji:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni darakta ne a wata kwalejin gwamnati nan cikin Maradi, shekarata goma sha ɗaya a kujerar, kafin nan na yi tara ina koyar da lissafi. Jiya bayan isha'i na zauna ofis ni kaɗai ina rufe littattafan kiran suna na bana kafin in jera su a kabad. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin nan ya san shi: sunaye a hagu, kwanaki a sama, wanda bai zo ba a zagaye masa da jan bik. Na yi ta buɗe shafi ina bin jan nan da yatsa, wata bayan wata, har dogon hannun agogo ya zagayo ban sani ba.

A takarda wata tara gare mu, Oktoba zuwa Yuni. Amma a shekarun da na gani, Oktoba rabin yara suna gona, ana yankan gero, ana roron wake, ana cirar gyaɗa da tonon aya. Azuzuwan zana kuma ba su kafuwa sai an kai amfani gida an sami kara. Sai Nuwamba ta yi nisa lakwal take zama lakwal. Disamba ga hutu, ga kokowar takobi da ke ɗauke hankalin samari gaba ɗaya. Janairu da Fabrairu su ne zuciyar shekara, duk da hazo da sanyin da ke sa yaro ya zo ƙarfe takwas hannu cikin hammata, leɓe a tsage. Maris na shiga zafi ya fara, Afrilu da Mayu kuwa aji mai rufin kwano bayan sha biyu sai dai a yi haƙuri. Ruwan farko na sauka, yaran ƙauye sun tafi shuka.

Bana ma ba mu koma ba sai 28 ga Oktoba 2024 saboda ambaliya, ga azumi ya cinye Maris 2025.

Abin da na gani a littafin shi ne: yaron da ya rasa makonni ukun farko, da wuya ya kai Yuni. Ko ya zo daga baya, an wuce shi, ya zauna baya, ya yi shiru, wata rana sai a ga babu shi. Ni dai ina ganin a Oktoba muke rasa yara, Yuni rubuta sakamako kawai muke yi. Ku iyaye da malamai da tsofaffin 'yan lakwal, haka kuka gani? A wane wata yaro ya fi suɓucewa?

Mushe_Tibiri:
Wa alaikumus salam Darakta, Allah shi ƙara girma. Kai ma da kake birni ke nan. Mu nan ƙauyukan Tibiri ranar komawa sai ka tarar da kai da mai gadi da awaki. Bara ni da hannuna na kafa dirkoki shida na ajina, iyaye suka kawo kara dami-dami bayan sun gama ɗaurin gero, muka yi kwana huɗu muna saƙar zana. Kafin nan a gindin bedi muke karatu, allo jingine da itace, iska ta taso ta kayar. Maganarka dutse ce.

Maman_Yan_Biyu:
Darakta, ina da ja a nan. Ni 'yar Bagalam ce, ba mu da gona ko taƙi ɗaya, amma ɗiyana ma sukan yi latti a Oktoba. Dalili kuɗi. Yara huɗu, kowa da kayensa da bik da jaka da tufafi, ga kuɗin COGES, wato kwamitin kula da lakwal, ga na karin safe ko dala ashirin-ashirin ne. Ni awara nake soyawa bakin titi. In na haɗa na biyu, biyu su jira mako na gaba. Yaro kuma ba shi son shiga aji hannu rabbana 'yan uwansa suna kallonsa. To a rubuta cewa ba gona kaɗai ba ce.

Darakta_Kwaleji:
Gaskiyarki Hajiya, na karɓa. Kuma ina roƙonki da duk uwar da ke karanta wannan: ki turo shi ko da kaye ɗaya ne. A wurina ba a korar yaro saboda kuɗin COGES, kuma na hana malamai su mayar da yaro gida don bai cika kayan rubutu ba a watan farko. Ya zauna ya ji da kunnensa, ya fi ya zo bayan mako uku da sabuwar jaka.

Maman_Yan_Biyu:
A wurinka ke nan Darakta. Ba ko'ina ba ne. An taɓa maido mini yarinya gida tana kuka kan jika guda.

Alhaji_Dan_Kasuwa:
Ku yi mini afuwa malamai, amma an bar jaki ana dukan taiki. Duk lissafin da Darakta ya yi bai sa yajin aiki ba. Yau malamai, gobe 'yan USN, ƙungiyar ɗalibai, sun busa usur sun fitar da yara. Ni na biya kuɗin kabu-kabu na kai yaro, kafin in buɗe shago ya riga ni dawowa gida. Shi ya sa na cire nawa na kai su lakwal mai zaman kanta, ina biya amma hankalina kwance.

Dan_Kwantaragi:
Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka taɓa yin wata biyu kana aiki ba ka ga ko dala ba? Ni na yi. Shekarata bakwai ina kwantaragi, a wani ƙauye da sai ka yi tafiyar awa a yashi kafin ka ga kwalta. In pekil, ɗan albashinmu na 'yan kwantaragi, ya yi jinkiri, mai shago ya rufe maka littafin bashi, mai gida yana jiran haya, matarka tana kallonka. In kuma ya fito sai ka bar aji ka taho gari ka bi layi. Ba wanda ke jin daɗin barin yara zaune. Ni ɗan talaka ne, ɗiyan talakawa nake koyarwa, kuma lakwal mai zaman kantar da ka kai naka, yawancin masu koyarwa can mu ne dai da yamma.

Alhaji_Dan_Kasuwa:
Ban ce ba ku da hakki ba Malam. Na ce yaro ne ke biyan bashin da bai ci ba.

Surbeyan_Zariya:
Ni aikina tsayuwa bakin ƙofa, don haka bari in faɗi abin da ƙofa ke gani. Ba wata nake dubawa ba, rana nake dubawa. Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maradi, jan bik ya fi yawa. Yaro ya je taya uba jiran kaya, ko tura baro, ko yarinya ta ɗauki talla. Ya fara da Juma'a ɗaya, ya ga ya dawo da dala ɗari a aljihu, Juma'a ta gaba ba sai an aike shi ba. In na ga yaro ya rasa Litinin uku a jere, na san ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita.

Dan_Madarunfa:
Darakta ka ambaci 28 ga Oktoba ka wuce, ni kuwa nan nake son a tsaya. An ɗage komawar daga 2 ga wata saboda ruwan 2024, wanda jiharmu ta Maradi ta fi kowa jin jiki, gidaje suka zube, mutane suka tare a azuzuwa don ba su da wurin kwana. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ka lura da abu ɗaya? A lakwal ɗinmu ranar farko ta bana ta fi ta kowace shekara cika, don gero ya riga ya shiga rumbu. To me zai hana a mayar da komawa farkon Nuwamba gaba ɗaya, a ja shekara zuwa ƙarshen Yuli? Kalandar nan gadon Faransa ce, ba da damanarmu aka auna ta ba.

Mushe_Tibiri:
Dan_Madarunfa, ka ja zuwa Yuli da wane aji? Ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su kwantar da zana. Kuma Yuli noman farko ne, uban da ya hana ka yaro don girbi, shi zai ba ka shi lokacin da haki ke cin gero? Gaba damisa baya siyaki. Sai an gina aji na bulo tukuna a yi maganar kalanda.

Inna_Ali_Dan_Sofo:
Tunda an zo maganar zana, ni ba na iya jin kalmar nan zuciyata ba ta buga ba. 8 ga Nuwamba 2021. Ina gida na ji ihu, na fito ba mayafi, mata suna gudu kowa na kiran sunan ɗanta. Yara ƙanana 'yan shekara biyar da shida, aƙalla 25, wuta ta cinye su cikin azuzuwan kara nan garinmu. Nawa ba su ciki, amma na je gaisuwa gida uku a yini ɗaya. A wani gidan uwar tana riƙe da ɗan takalmin roba ƙafa ɗaya, ba ta kuka, ba ta magana. Jikana na farko da ya isa shiga lakwal, sai da na je da ƙafata na ga ajin da za a sa shi kafin na yarda.

Malam_Limanci:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa masu ceto ne ga iyayensu. Kwana ɗaya kafin nan ramin zinariya ya rufta da mutane a Garin Liman wajen Dan Isa, mutum 18. Makon nan Maradi ba za ta manta da shi ba. Kuma a Afrilun shekarar an yi irin gobarar a Yamai, yara 20.

Gwaggo_Mokoyo:
Amin ya Allah. Allah kada ya maimaita mana.

Darakta_Kwaleji:
Amin. Inna, abin da kika yi na zuwa duba aji shi ne daidai, kuma ina so kowace uwa ta yi. Bayan gobarar gwamnati ta hana sa yaran rainon farko a azuzuwan kara, amma mu manyan azuzuwa har yau muna da su, ni ina da biyar. Abin da ke hannuna shi nake yi. Kowace rumfa ƙofa biyu. Tsakanin rumfa da rumfa na bar fili, ko da iyaye sun ce ana ɓarnar wuri. Masu suyar ƙosai da awara na matsar da su can bakin katanga, nesa da kara, wasu sun yi fushi da ni wata guda. Akwai tulu da bokitin yashi a bakin kowace. Duk da haka, ranar da iskar hunturu ta taso da ƙarfi ba na iya zama ofis, sai in yi ta zagaye har a tashi.

Madam_SVT:
Ina neman izini in dawo da mu kan tambayar. Darakta, Oktobarka ta maza ce. Mata ba a Oktoba nake rasa su ba. Bayan kaka ne, in an sayar da amfani kuɗi sun shigo, sai kuma gab da azumi da bayan salla, lokacin bukukuwa. Kuma ba daga sizyam, wato ajin farko, ba, daga aji na biyu da na uku na kwaleji, in yarinya ta fara cika ido.

Akwai wata da ba na mantawa. Kullum layin gaba take zama, rubutunta kamar an buga da inji, ita ke zana mini hoton zuciya da huhu a allo don ta fi ni iya zane. Wata Litinin a Janairu na ga lalle a hannunta, na ce biki aka yi gidanku? Ta sunkuyar da kai. Ƙawarta ce ta ce Madam nata ne, Juma'a mai zuwa. Ta zo har Alhamis. Ranar ta kawo mini littafin da na ara mata, ta sa shi cikin leda don kada ya yi datti. Mwayan ɗinta, wato matsakaicin maki, a zangon nan ya haura 15 cikin 20. Na je gidan, uwar ta karɓe ni da mutunci, ta kawo mini fura, ta ce Madam magana ta wuce hannuna. Akwai dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2017 don kare karatun 'ya mace, na sani, amma ni a tsakar gidan nan da kwanon fura a hannuna ban san ta inda zan fara karanta musu doka ba.

Malam_Limanci:
Madam, Allah ya saka da alheri kan zuwa da kika yi. Sai dai ina so a yi hattara da harshe, kada iyaye su ji kamar lakwal gaba take da aure. Aure sunna ne. Uban da ya aurar da ɗiyarsa sau da yawa tsoro ne ya sa shi, yana ganin tafiyar da take yi ita kaɗai, yana jin labarai. Abin da nake faɗa wa masu zuwa wurina ɗaurin aure shi ne a sa sharaɗin ci gaba da karatu tun wajen neman aure, a gaban waliyyai. Neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar namiji. Na ga inda aka yi haka ya yi, yarinyar ta sami BEPC, takardar gama kwaleji, daga ɗakinta.

Madam_SVT:
Malam, na ga inda ya yi, na ga inda aka yi alkawari wata biyu aka ce ciki ya zo. Yarinya 'yar sha huɗu ce fa. Amma na ji daɗi da kake faɗa a wurin ɗaurin aure, maganarku ta fi tamu shiga.

Yaya_Hadiza_Tasawa:
Madam ta taɓo ni. Ni aka cire a aji na uku. Yanzu ɗiyata tana tarminal, ajin ƙarshe na sakandare. Ba zan ce komai ba sai wannan.

Dalibi_UDDM:
Baba Darakta, barka da ƙoƙari. Ni yanzu ina shekara ta biyu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, amma saura ƙiris in zama cikin masu jan bik ɗin nan. Nawa watan Afrilu ne. Garinmu ba kwaleji, sai aka kawo ni wurin wani abokin babana a gari. Mutumin kirki ne, amma gidansa mutum goma sha wani abu. Da kaka babana yakan aiko da gero tiya ashirin da ɗan wake, a karɓe ni da fara'a. Kafin bazara geron ya ƙare, na gidan ma ya ja baya, sai ka ga ana zuba tuwo ana kallonka. Ba wanda ya ce mini tafi, amma na fara jin nauyin miƙa hannu. Ina zuwa aji da ruwa kawai a ciki, ƙarfe sha ɗaya allo ya rinƙa yi mini biyu-biyu. Abokaina biyu suka ce mu tafi wajen zinariya. Na haɗa kayana a buhu.

Abin da ya tsayar da ni, daraktanmu na lokacin ya lura kwana uku ban zo ba. Ya zo har gidan a kan tsohon babur ɗinsa bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma da mai gidan, ban san me suka ce ba. Daga ranar kullum in an fita shan iska sai ya aike ni ofis wai in share masa tebur, in tarar da kwanon dambu a rufe. Har na gama bai taɓa ce mini don me ba. Cikin abokan nan biyu ɗaya ya dawo, ɗayan har yau ba labari.

To ni a ganina ba a ce wata kaza ba. Yaron ƙauye da ke zaune gidan wani, ranar da geronsa ya ƙare ita ce ranarsa.

Mushe_Tibiri:
Allah ya saka wa wannan darakta da aljanna. Matsalar masauki ita ce babbar da ba a faɗa. Ni yaran da na tura kwaleji daga ƙauyenmu, masu ƙoƙarin ne ma ke dawowa, ba don sun kasa ba.

Darakta_Kwaleji:
Ɗana Dalibi_UDDM, na karanta naka sau biyu. Ka gyara mini wani abu. Da na koma littafin yau da safe na ware yaran da na san ba gidan iyayensu suke ba, sai na ga jan nasu ba a farkon shekara yake ba, daga Maris ne zuwa sama, kamar yadda ka ce. Ban taɓa raba su haka ba. Na gode. Amma ga yaran gari har yanzu ina kan bakana game da Oktoba.

Majo_CSI:
Ni ma'aikacin lafiya ne, bari in ƙara muku ta ɓangarenmu. Satumba da Oktoba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro, gadajenmu cike da yara. Wani yaron da kuka zagaye da ja yana kwance ana ƙara masa ruwa. Daga Janairu zuwa Afrilu kuma lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, ƙura da zafi da cunkoso. Aji mai yara tamanin, taga biyu. Roƙona ga daraktoci: yaro ya ce kansa na ciwo, jiki da zafi, wuya ya ƙi lanƙwasa, kada a ce ya kwanta bayan aji har a tashi. A kawo shi nan take. Awa ɗaya tana da daraja a ciwon nan.

Bako_Gidan_Runji:
Ku yi addu'a ga namu yankin. Mu nan bakin iyaka akwai ƙauyukan da ba gona ba ce ke hana yara zuwa, tsoron 'yan bindiga ne. Malami ba shi kwana garin, sai ya zo da rana ya koma. Ga 'yan uwanmu da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato tun 2019, yaransu sun shigo azuzuwanmu, su da suka fara da Ingilishi ga Faransanci.

Gwaggo_Mokoyo:
Allah ya kawo mana zaman lafiya, Bako. Amin.

Tsohon_Anspekta:
Na yi shiru ina karantawa. Kowa ya faɗi gaskiya, amma akwai yaron da ba ya cikin lissafinku: wanda ke zuwa kullum, ba jan bik ko ɗaya a gaban sunansa, kuma ya daɗe da barin lakwal a zuciyarsa. Na shiga azuzuwan sizyam da yawa kafin in yi ritaya. Ka ba yaro littafi ya karanta layi biyu, ya yi ta haɗa baƙi, in ya gama ka ce da Hausa me ka karanta, ya dube ka. Shekara shida yana kwafar allo cikin harshen da ba a yi masa bayaninsa ba. Wannan ko an ba shi wata goma sha biyu cur, mwayan 10 ba za ta samu ba, ya maimaita aji, a kore shi.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Na ga yaran irin waɗannan makarantu da idona, yaro na aji biyu yana rubuta wa kakarsa wasiƙa. Fiye da shekara hamsin muna kiran abin gwaji. Yanzu kundin mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To mu gani a aji.

Dan_Kwantaragi:
Ranka ya daɗe, mu a aji mun daɗe muna yi a ɓoye. In na bayyana darasi da Faransanci na ga idanu sun yi fari, sai in rufe ƙofa in juya da Hausa, nan take hannuwa su tashi. Amma jarabawa da Faransanci take zuwa, littafin Hausa kuma ko ɗaya ban taɓa riƙewa ba, ba a kuma koya mini yadda ake rubuta ta daidai ba.

Alhaji_Dan_Kasuwa:
Ni fa ban kai yaro lakwal don ya koyo Hausa ba, da ita aka haife shi. Takardun kwastan da na banki da wane harshe suke?

Tsohon_Anspekta:
Alhaji, ba a ce a bar Faransanci ba. Yaron da ya iya karatu da harshen uwarsa ya fi saurin kama na biyu, don ya riga ya san me ake nufi da karatu. Kai da kanka lissafin shagonka da wane harshe kake yi a zuci?

Alhaji_Dan_Kasuwa:
Da Hausa, ranka ya daɗe. Amma sai na ga yaron da ya bi ta nan ya ci BAC, jarabawar gama sakandare, tukuna.

Maman_Yan_Biyu:
Kun tafi can sama kun bar mu. Ni tambayata ƙarama ce Darakta. Azumin bana yara sun sha wuya, ga zafi ga ƙishirwa, babbar tawa tana dawowa ta zube kan tabarma, ga aikin buɗa-baki na jiranta. Baɗi, 2026, azumi zai ƙara matsowa cikin Fabrairu, wato cikin watannin nan biyu da ka ce su ne zuciyar shekara. Me kuka shirya?

Darakta_Kwaleji:
Hajiya, wannan tambayar ta hana ni barci tun kafin ki yi ta. Azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, baɗi zai kama tsakiyar Fabrairu, daidai lokacin jarabawar zangon farko. Alherin da ke ciki, da sauran sanyi-sanyi, bai kai na Afrilu da Mayu da muka sha a shekarun baya ba. Abin da nake niyyar kai wa taron malamai shi ne mu ja manyan darussa, lissafi da Faransanci da kimiyya, zuwa awannin safe, mu kuma gama mafi nauyin manhaja kafin a ga wata. Sauya lokacin tashi ba a hannuna yake ba, daga sama yake zuwa. Ke kuma ki taimake ni da abu ɗaya: 'yar da ke ajin jarabawa a rage mata daka da wanke-wanke a watan, ko ƙannenta maza su ɗauki ɗiban ruwa.

Maman_Yan_Biyu:
Maza su ɗebi ruwa suna yi. Daka dai sai mun yi shawara da uban.

Surbeyan_Zariya:
Darakta, in za ka je taron malamai ka tafi da wannan ma. Mu daina jiran ƙarshen wata kafin mu ƙirga jan bik. Duk Alhamis a fitar da sunan wanda ya rasa kwana uku, a ba uwayen AME, ƙungiyar uwayen 'yan lakwal, na unguwarsu. Mu in mun je gida ana ganin hukuma ce ta zo, uba ya ɓuya. Su kuwa har ɗaki suke shiga.

Madam_SVT:
Wannan na goyi baya. Da uwayen AME sun ji labarin yarinyata tun ana kai kuɗin gaisuwa, wataƙila da an yi magana. Ni sai da na ga lalle.

Dan_Madarunfa:
Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa mai gamsarwa kan kalanda. Mushe_Tibiri ya ce zana, na yarda. To lakwal ɗin da ke da ginin bulo fa? Dole ne Maradi da Yamai da Agadas su koma rana ɗaya, alhali damanarsu ba ɗaya ba?

Tsohon_Anspekta:
BEPC ɗaya ce a ƙasa duka, rana ɗaya, takarda ɗaya. In ka raba ranar shiga sai ka raba ranar fita. An sha tattauna wannan tun ina aiki.

Inna_Ali_Dan_Sofo:
Darakta, rumfunan nan biyar naka, wane aji kake sawa ciki?

Darakta_Kwaleji:
Manya nake sawa Inna, 'yan aji na uku. Sizyam da 'yan jarabawa suna cikin gini. Bana iyaye sun yi alkawarin bulo ɗari biyar kafin kaka, wani tsohon ɗalibinmu magini ya ce aikin hannu kyauta ne in an sami siminti da kwano. In Allah ya yarda ɗaya daga cikin biyar ɗin za ta tashi. Gobe Asabar da hantsi za mu auna filin da shugaban COGES.

Dalibi_UDDM:
Baba Darakta, muna hutu yanzu. In an fara buga bulo a sanar a nan, mu huɗu ne a ɗakinmu, za mu zo da shebur.

Mushe_Tibiri:
In kun gama nasa ku biyo ta Tibiri. Ni dai yanzu hadari ya haɗu gabas, bari in je in kwashe allo da bencina daga rumfa kafin ya sauko.